Motar Ta Tsaya A Bakin Lungu

Buta ce ta fara faɗuwa, sannan shi ya bi ta. Ina zaune gindin itacen bedi ina tsinkar zogale na ji ƙarar roba a kan siminti. Da na ɗaga kai sai ga mijina durƙushe a wurin alwala, hannu ɗaya dafe da ƙirji, ɗayan yana laluben bango. Ko azahar ba a kira ba, zufa ta jiƙa masa riga sharkaf.

"Malam! Malam, mene ne?"

Ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Daga ni sai shi a gidan. Na watsar da farantin zogalen, na jingina shi da bango, na ruga ɗaki na ɗauko salula. Malam ne ya koya mini lambar tun da daɗewa, irin koyarwar tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, sai da ya sa na yi ta maimaitawa kamar 'yar ajin farko: sha takwas, lambar pompiye, masu kashe gobara da ɗaukar marar lafiya. A lokacin dariya na yi masa. Yau sai ga ni ina danna ta.

Wata murya ta amsa da Faransanci, da ta ji ihuna ta juya Hausa.

"Mijina ya faɗi! Ku zo, don girman Allah ku zo!"

"Daga wace unguwa kike kira, Mama?"

"Yantala!"

"Yantala babba ce. Ta sama ko ta ƙasa? Me ke kusa da ku wanda kowa ya sani?"

Wallahi da yana kusa da na shaƙe shi. Mutum yana tafiya a gabana, shi kuma yana jero mini tambayoyi da murya sanyi ƙalau, sai ka ce mai yankan tikiti a tasha.

"Kai ɗan nan, tambaya za ka tsaya yi ko zuwa za ku yi?"

"Mota tana tashi yanzu haka da nake miki magana, Mama. Amma in ban gaya wa direba inda zai dosa ba, yawo zai yi ta yi. Taimake ni. Yana numfashi?"

Na ce yana yi, da kyar. Na kwatanta masa: Yantala ta ƙasa, in an bar gudron, wato hanyar kwalta, a wuce injin niƙa, lungun da butik ɗin Alhaji Bawa, kantinsa ke nan, ke bakinsa, gida na can ƙarshe mai koriyar ƙofa. Ya ce kada in ba shi ruwa, kada in kwantar da shi, in ɓalle masa wuyan riga, in kuma tura wani bakin gudron ya tare motar. Na ƙwala wa maƙwabciyata Mariyam kira ta kan katanga, ta fita da gudu ko takalmi babu.

Can na jiyo jiniya. Tana tahowa, tana ƙaruwa, har na ce masa, "Ka ji su nan, Malam, riƙe." Sai ta tsaya. Tana ta kuka a wuri ɗaya, ba ta matso ba, ba ta koma ba. Na leƙa ƙofa, na hango jan gaban motar can bakin lungu, ta sa hanci tsakanin barandar butik ɗin Alhaji da katangar da ke fuskantarta, ta kasa wucewa. Maza suka diro da gadon ɗauka suka sheƙo a guje. Lungunmu kuwa dogo ne, ga kwata, ga yashi mai kama ƙafa. Da suka dawo da shi bakin butik sai da suka karkata gadon kafin suka fice, ina riƙe da ƙafarsa kada ya zame.

* * *

Allah ya yi da sauran kwana. Ya yi 'yan kwanaki a likita, wato asibiti, aka sallamo mu, da magunguna cikin leda da dogon gargaɗi. Likitar zuciya, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yata Hafsat ba, ta ja ni gefe ta ce, "Hajiya, ciwon nan yana dawowa. In ya dawo, abin da zai raba shi da mutuwa shi ne saurin isowarsa hannunmu. Ɗan jinkiri kaɗan ma yana da yawa."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji, na kwana da ita na tashi da ita.

Sunana Balkissa. Mutanen Tasawa ne mu, can ƙasar Maradi. Mijina unguwa ke kira Mushe Habibu, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, don rabin manyan Yantala ta hannunsa suka bi a lakwal, ni kuwa sunan nan ban taɓa kama shi a gabansa ba. Ya aje aiki tuni. Hafsat tana aure a Damagaram, Huzaifa yana aiki a Agadas, sai muryarsu a waya ranar Juma'a. Gidan da dā hayaniya ke hana mutum barcin rana ya koma mu biyu, tsoho da tsohuwa, muna jin motsin juna.

Lokacin da aka kawo ni amarya, lungun nan fili ne. Kamiyon itace, ƙatuwar motar kaya, yana shiga har ƙofarmu ya juya ya fita. Alhaji Bawa ya fara da tebur a bakin lungu, tebur ya zama rumfa, rumfa ta zama ɗakin siminti, ɗaki ya haifi baranda, baranda ta haifi wurin jibge buhuna. Kowa yana gani, kowa yana karkata kafaɗa ya wuce yana cewa, "Alhaji, kasuwa ta yi albarka." Har da ni, ban da bakin cewa ban faɗa ba.

Bayan sallamar, Malam ya zama wani mutum daban. Shi da kullum la'asar sakaliya yake cewa in ɗauko mayafi mu gangara lambunan bakin kogi, mu tsaya yana gardama da masu noman ganyen salati da Zabarmancinsa mai karyayyen ƙafa, yanzu daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya huta. Na yi kewar tafiyar nan ƙwarai. Na yi kewar yadda yake wuce ni da sauri sannan ya waiwayo ya ce, "Balki, ke da kunkuru wa ya koya wa wani tafiya?" Ga shi a gabana, amma kewarsa nake yi.

"Bari damina ta faɗi," in ji shi, "mu tafi Tasawa. Ina son in ji ƙamshin ƙasarmu in an yi ruwan fari. Mu zauna har a ci sabon gero."

Na ce to. A zuciyata na ce sai ka kai daminar tukuna, kuma ni zan kai ka, ko da me.

* * *

Ba a yi wa mutum alheri irin wannan ya yi shiru. Na dafa dambun zogale, wanda Zabarmawa ke ce wa kopto, na cika kwano babba, na hau taksi na tafi barikin pompiye. Na ce wa na bakin ƙofa na zo gaida yaron da ya amsa wayata ranar kaza. Suka yi ta kallon juna, da alama ba su saba ganin mai dawowa godiya ba. Aka yi tambaye-tambaye, aka shigar da ni.

Yaron da nake cewa ashe magidanci ne har da furfura a gemu, Sarjan Garba, mutumin Tawa. Ɗakin nasu ƙarami ne, fanka tana juya iska mai zafi, ga taswirar Yamai ta cinye bango guda, ga wayoyi, ga rediyon da suke magana da direbobi. Na ba shi haƙurin zagin da na yi masa. Ya yi dariya ya ce, "Mama, ai naki gaisuwa ce. Da kin ji na wasu."

Muna cikin magana waya ta yi ƙara. Abokin aikinsa ya ɗauka, ya saurara, ya aje. Ta sake yi, ya ɗauka, ya aje. Na ce lafiya?

"Yara ne," in ji Sarjan Garba. "Sun gane kiran kyauta ne. Wani ya hura mana iska a kunne, wani ya sa mana kiɗa, wani ƙato ma ya ce gidansu na ci da wuta, mu tura mota mu tarar da shi yana shan shayi a fada, majalisar samari. Duk lokacin da suke kan layi, mai irin larurarki yana can yana jin waya a toshe."

"La ilaha illallahu! Ba su da iyaye ne?"

"Shi ya sa muke yawan tambaya in an kira mu. Ni da ke zaune nan ba na ganin komai, kunne kawai gare ni. Abin da kika gaya mini shi nake gaya wa direba, shi nake gaya wa likita su shirya kafin a iso." Ya miƙe ya ɗora yatsa a kan taswirar. "Ga lungunku nan. A nan, hanya ce da motarmu za ta shiga har ƙofarki. Direba ya dawo yana faɗa, ya ce na tura shi cikin bututu. Gudun da yaran suka yi da ƙafa, shiga da fita, ya kusa kai tafiyar da motar ta yi daga nan zuwa Yantala."

Na dubi inda yatsansa yake. Na gaya masa abin da likita ta ce.

Ya ce, "Mu ba mu da ikon rushe ko bulo ɗaya. Aikin meri ne, ofishin magajin gari. Ki fara da mai unguwa, daga nan ki wuce can, ki tambayi masu kula da hanyoyi. Kada ki ji tsoron ƙofar, Mama, don ku aka buɗe ta."

* * *

Mai unguwa ya saurare ni yana jan carbi. Da na ambaci sunan Alhaji Bawa carbin ya tsaya. Ya ce magana ce babba, a bi ta a hankali. Na ce ciwon zuciya bai san a hankali ba, ranka ya daɗe. Na wuce meri.

Na tsufa a Yamai, amma in ban da karɓar takardar haihuwar yara, ban taɓa sanin abin da ake yi a gidan nan ba. A zatona wurin masu karɓar haraji ne da masu ɗaura auren 'yan boko. Na yi ta buɗe ƙofofin da ba nawa ba, wannan ya ce gaba, wancan ya ce sama, har na faɗa ofishin wata mata mai tabarau, Madam Fa'iza. Ta ba ni kujera, ta bar ni na zazzage cikina tas ba ta katse ni ba.

"Hajiya, hanyar nan ba ta Alhaji ba ce," ta ce. "Ta duk wanda ke bin ta ce, mu tsaronta aka ba mu. Ko ke kaɗai kika kawo kuka, dole a je a duba."

"Ni mace, ba da sanin maigidana ba?"

"Ke ba a lungun kike kwana ba?"

Na ce a nan nake kwana. Ta ce za su zo su auna, su ji ta bakin mutanen lungun. Ta kuma gaya mini gaskiya, ba ta ɓoye ba: lunguna irin namu a garin nan sun fi gaban lissafi, ma'aikata kaɗan ne, saboda haka inda mutane suka tsaya da murya ɗaya, nan ake farawa.

Na fito ina jin kaina kamar wadda aka ƙara wa tsawo. A taksi har na fara tsara yadda za a yi: a rushe barandar kawai, a kwashe buhunan, butik ɗinsa yana nan, cinikinsa yana nan, mota ta samu hanya. Wa aka cuta? Ban gaya wa Malam ba. Na san shi, na ce gara ya gani a aikace.

* * *

Suka zo wata safiyar Talata, Madam Fa'iza da wani dogo mai igiyar awo, mai unguwa yana biye da su fuska ba walwala. Kafin a ja igiyar nan sau biyu lungu ya cika. Mata a bakin ƙofofi, samarin fada sun baro shayinsu, kowa yana tambayar kowa wa ya kai ƙara. Na fito na tsaya, ban ɓuya ba.

Alhaji Bawa ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Tsoho ne mai kyauta, mai saurin hawaye. Da aka gaya masa daga gidan da kukan ya fito, bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi! Sai ya tako a hankali har ƙofarmu, duk jama'a na biye, inda Malam yake zaune a kujerarsa yana shan hantsi.

"Habibu," ya ce, "ni ka kai wa hukuma? Ni? Da ka aiko ko da yaro ne ya ce Yaya Bawa, kaza nake so, ashe ba zan yi ba?"

Malam ya dube shi, ya dube ni. Nan take ya gane komai. Madam Fa'iza ta matso ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, kai ne marar lafiyar, kai ne maigidan. An ce ginin nan ya hana motar agaji isowa gare ka. Haka ne?"

Na zuba masa ido. Kalma ɗaya nake nema, i, shi ke nan. Kowa a wurin ya ga motar nan ta tsaya, kowa ya ga an karkata gadon. Mariyam da ta yi gudu ba takalmi tana tsaye, ta sunkuyar da kai.

Malam ya yi murmushin nan nasa na sulhunta yara. "Ba komai, 'yata. Ai ga ni, an ɗauke ni lafiya an maido ni lafiya. Hankalin iyali ne ya tashi, kin san mata. Mu ba abin da ya tare mana. Alhaji yayana ne."

Wurin ya sauke numfashi gaba ɗaya. "Madalla da Mushe!" in ji wani. "Dattijo ke nan!" Mai unguwa ya karɓe zancen, ya ce a bar musu, za a sasanta a cikin gida. Alhaji ya share ido da hannun riga, ya rantse da kansa zai janye barandar, a dai bari kayan da ya yi oda su iso su ƙare. Madam Fa'iza ta tambaya ko akwai wani mai magana a lungun. Tsit. Ta ce awon da suka yi yana nan, maganar ba ta mutu ba, amma za ta bi layi. Da za ta wuce ta kama hannuna ta matsa.

Na iya riƙe bakina har muka shiga gida.

"Kin san mata? Ni ce kin san mata? A gaban duk unguwa?"

"Balki, zauna."

"Ba zan zauna ba! Kara ake yi da goro, ake yi da wurin zama a masallaci. Kai da ranka ka yi kara! Wa ya ce maka naka ne kai kaɗai da za ka yi kyauta da shi?"

Ya bari na gaji don kaina. Sannan ya ce, a hankali saboda numfashi, "Ranar da na sauka garin nan da akwatin ƙarfe, ban san kowa ba, Bawa ne ya ji ina Hausar gida a tasha ya ɗauke ni. A ɗakinsa na kwana har na samu aiki. Shi ya je Tasawa ya karɓo mini aurenki. Yau in tsaya gaban jama'a in ce a rushe masa gini? Da wane ido zan dube shi a sahu?"

"Da idon mai rai," na ce. "Ni shi nake so ka dube shi da shi."

Sai kuka ya ƙwace mini. Ya miƙo hannu ya kama gefen zanena, ya ja ni na zauna kusa da shi a tabarma. Rabon da mu zauna haka kafaɗa da kafaɗa har na manta. Na ce masa tsoro nake ji, ba na son zama a gidan nan ni kaɗai. Ya ce ya sani. Ya ce in dubi gabas, hadari ya fara haɗuwa da maraice, saura kaɗan mu kama hanyar gida, can kuwa ƙofar gidan babansa a bakin fili take, ko jirgi ya zo zai samu wurin sauka. Na yi dariya da hawaye a fuska. Haushinsa nake ji, kuma ban taɓa son sa kamar ranar ba.

* * *

Kayan Alhaji suka iso, suka ƙare, wasu suka iso. Na koma meri, Madam Fa'iza ta ce ana tafe, akwai unguwannin da ruwa ke shirin ci, su ne a gaba. Na koma wurin mai unguwa, aka ce ya tafi ta'aziyya. In na bi ta gaban butik Alhaji yakan ce, "Hajiya, ina sane, wallahi ina sane," ya cusa mini sukari ko sabulu a jaka. Na fara ɗaure kayan tafiya Tasawa, na ce in lungu ya ƙi buɗewa mu ma bar masa shi.

Da hantsi ne, ranar wata Alhamis. Yana zaune yana gyara rediyonsa sai na ji ya ce, "Balki," da wata irin murya. Ban tsaya tambaya ba.

Wannan karon ban zagi kowa ba. Wata murya ce daban ta ɗauka, na jero mata komai tun kafin ta tambaya: unguwa, injin niƙa, butik, koriyar ƙofa, ciwon zuciya ne, yana numfashi sama-sama, na jingina shi, na tura mutum gudron, kuma ku zo da gadon ɗauka a hannu don mota ba ta shiga. Mutumin ya ce, "Mama, kin gama mana aiki. Ga su nan."

Sun yi sauri, Allah ya sani sun yi sauri. Amma ranar kamiyon shinkafa ya zo wa Alhaji, ya ja da baya ya toshe ɗan abin da ya rage na bakin lungun, an sauke buhuna an tara, direban ya kulle ya tafi karyawa. Ina tsakar gida rungume da kan Malam ina jin jiniya can nesa, ina jin ihun mutane, "Ina direba? A nemo direba!" Yaran pompiye ta kan buhuna suka hauro. Da suka fito da shi, ta kan buhunan aka miƙa gadon hannu da hannu. Na ga Alhaji Bawa, hula ta faɗi, yana jan buhu da hannunsa na tsufa yana faɗuwa yana tashi, yana kiran "Habibu! Habibu, ga ni!"

A cikin motar suka yi ta danna masa ƙirji. Ina riƙe da tafin ƙafarsa, ina jin sa yana yin sanyi a hannuna. Kafin mu kai likita babban cikinsu ya dube ni, ya cire hularsa.

Ko da motar ta kai ƙofa zai tashi? Ban sani ba. Likita ba ta ce ba, ni ma ban tambaya ba. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda, ni musulma ce. Amma ina so a ce an ba shi ɗan lokacin nan, a ga abin da Allah zai yi da shi.

* * *

Alhaji Bawa ya ce duk hidimar makoki tasa ce, kada wanda ya sa hannu. Ya ce Habibu ba ƙaramin mutum ba ne, ɗalibansa kaɗai za su cika unguwa. Ya aiko aka kawo bash, wato rumfar tamfol, mafi girma da ake haya a Yantala, da kujeru kamiyo guda, da lasifika. Lungunmu ba zai ɗauki bash ɗin ba, saboda haka aka kafa shi a babbar hanyar da lungun ke fita, daga wannan katanga zuwa waccan, aka gindaya benci a kowane gefe, kamar dai yadda ake yi wa kowa in an yi rasuwa ko biki. Ni ban gani ba, ina ɗaki cikin takaba, Hafsat ce ta shigo tana ba ni labari. Ta ce, "Inna, da kin ga jama'ar Baba. Hanya ta rufe ruf."

Ranar addu'ar uku, da safe, ɗakin ya cika da mata. Ina zaune a kan tabarma, lulluɓe, carbi a hannu. An yi yayyafi da asuba, na farko a shekarar, ƙamshin ƙasa yana shigowa ta taga, na rasa inda zan sa kaina don kewa. Liman yana addu'a a lasifika, maza suna amsawa da amin kamar rugugi.

Ta ƙarƙashin amin ɗin na jiyo ta. Jiniya, daga wajen gudron, tana tahowa da gudu. Ta shigo hanyarmu. Ta matso, ta matso, sai ta tsaya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ku ce su ɗage bash ɗin! Ku ce a janye bencin, mota ce!"

Hannuwa suka kama ni ta ko'ina. "Balkissa, zauna, mai takaba ba ta fita." "Ruɗewa ce, Allah sarki, jiniyar ce ta tuna mata." Wata ta shafa mini ruwa a fuska. Na ce Hafsat ta ruga ta gaya wa Huzaifa. Ta fita, ba ta daɗe ba ta dawo.

"Inna, an ɗaga hannu ana tsakiyar addu'a, ba wanda zai tashi. Kuma sun ce ko an tashi, kwance bash ɗin aiki ne. Direban ya juya, wai zai zagaya ta bakin kogi."

Ta bakin kogi. Na san hanyar nan, da ƙafata na san ta, na san nisanta da ramukanta, ga shi an yi ruwa.

"Gidan wa za su?"

"Ba a sani ba, Inna. Can ciki ne."

Aka zaunar da ni. Wata tsohuwa da ta shigo yanzu ta durƙusa a gabana, ta kama hannuna biyu. "Ya haƙuri, Hajiya? Mushe mutumin kirki, bai taɓa ɓata wa kowa ba."

"Haƙuri da godiya," na ce.

Kunnena yana waje. Ina bin jiniyar tana ja da baya, ta karya kwana, tana nisa, tana siririncewa. Liman ya ce a shafa, aka ƙara wa lasifika murya don na cikin gida su samu, daga nan ban ƙara jin ta ba.